Daga "Allah Ya Isa" Zuwa Takarda Mai Hatimi: Matakan da Talaka Zai Bi Ya Sa Gwamnati Ta Gyara

A shekarar 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a wasu ƙauyukan Zamfara, inda ake haƙo dutsen zinare a kawo shi cikin gida a daka. Yara sama da 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, amma aka bar Bagega ta ƙaramar hukumar Anka, alhali ta fi su yawan jama'a. Likitocin ƙungiyar MSF suka ce babu amfanin ba yaro magani muddin zai koma ya yi wasa a ƙasar da ta sa masa ciwon. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kimanin naira miliyan 850, amma har 2012 ta ƙare ana jira. Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka riƙe tambaya guda ɗaya: ina kuɗin Bagega? Suka je garin, suka ɗauko hotuna, suka bi ma'aikatu, suka kai maganar gaban sanatoci da 'yan jarida, suka cika intanet da ita. A watan Janairu na 2013 shugaba Goodluck Jonathan ya ba da umarnin a saki kuɗin. A cikin shekarar aka kwashe ƙasar, aka fara yi wa yaran magani. Daga wannan aiki ne shirin Follow The Money ya samo asali.

Mun iya kuka, wannan babu musu. A teburin mai shayi, a cikin mota, a gidan biki, kowa ya san abin da ya lalace da wanda ya lalata shi, sai a rufe hira da "Allah ya isa" a watse. Addu'a tana da babban matsayi, amma ma'aikacin gwamnati ba ya amsa abin da bai shiga fayil ba. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce iko na jama'a ne, kuma tsaronsu da walwalarsu su ne dalilin kafa gwamnati. Abin da ya rage shi ne sanin yadda ake karɓar wannan haƙƙi a aikace, ofis bayan ofis.

Mataki na farko: ku zaɓi abu ɗaya da za a iya nunawa da yatsa

"A gyara harkar lafiya" buri ne mai kyau, amma babu wanda zai iya sa hannu a kansa. A ce asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ba shi da ungozoma da dare, rufin ɗakin haihuwa kuma yana yoyo. Buƙatarku ita ce a turo ungozoma biyu, a gyara rufin kafin damina ta faɗi. Wannan ana iya yinsa, ana iya gane an yi ko ba a yi ba, kuma ɗan kowace jam'iyya a unguwar yana sonsa, domin naƙuda ba ta tambayar katin jam'iyya.

Za a sami mai cewa wannan ai ƙaramin abu ne, ƙasar ma gaba ɗaya ta lalace. Ku bar shi da ra'ayinsa. Mutanen da suka taɓa ganin sun motsa ofis ɗaya da hannunsu, su ne suke da ƙarfin zuciyar tunkarar babba a gaba.

Mataki na biyu: ku gano teburin da maganar take

Yawan koke yana mutuwa ne saboda an kai shi gidan da ba nasa ba. Gwamnati hawa uku ce, kowane hawa da aikinsa. Kasuwa, tasha, maƙabarta, kwashe shara da ƙananan hanyoyin cikin gari suna wuyan ƙaramar hukuma. Makarantar firamare tana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Ƙananan asibitoci suna hannun hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Babbar hanyar da ta haɗa jihohi ta tarayya ce, haka ma 'yan sanda. Matsalar mita da kuɗin wuta kuwa tana farawa ne daga kamfanin rarraba lantarki, sannan ta wuce hukumar da ke sa masa ido.

Akwai kuma kuɗaɗen da doka ta riga ta ware, waɗanda mutane da yawa ba su san da su ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, sai dai jiha ba ta karɓar rabonta sai ta ajiye kwatankwacinsa, kuma jihohi da dama sukan bar nasu ya yi shekaru ba su ɗauka ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 domin kiwon lafiya a matakin farko, wani ɓangarensa yana shiga kai tsaye asusun ƙananan asibitocin da aka zaɓa a mazaɓu. Idan an ce muku babu kuɗi, tambaya ta gaba ita ce ko jiha ta karɓo waɗannan.

Ɗan majalisa kuma a san aikinsa. Shi mai yin doka ne, mai amincewa da kasafi, mai sa ido a kan ma'aikatu. Mu ne muka mayar da shi baitulmali, muna layi a ƙofarsa da takardar asibiti da katin ɗaurin aure da maganar ragon suna. Wanda ya karɓi dubu biyar da safe ba zai iya ɗaga ido ya tambayi kasafi da yamma ba, shi kuma ɗan majalisar dole ya nemo inda zai maye gurbin abin da ya raba. Ina jin tausayin mai buƙata, yunwa ba wasa ba ce, amma masu bin wannan aiki dole su ware kansu daga wancan layi.

Ku nemi tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya a unguwarku. A zama ɗaya zai gaya muku wane darakta ne ke riƙe da irin wannan fayil da kuma inda takarda takan maƙale.

Mataki na uku: ku nemo takarda

Nan ne aikin yake, nan ne kuma yawancin mutane suke gajiya.

Ku fara da kasafin kuɗi. Na tarayya yana shafin ofishin kasafi a intanet, jihohi ma yanzu suna wallafa nasu, tare da rahoton yadda aka kashe bayan kowane wata uku. Kundi ne mai ɗaruruwan shafuka, amma ba sai an karance shi ba. Ku sa wani ɗalibi ya sauke shi a waya ko kwamfuta ya nemi sunan garinku ko mazaɓarku. Ku rubuta sunan aikin, adadin kuɗin, da ma'aikatar da aka ɗora wa. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a 2011, tana sauƙaƙa waɗannan alƙaluma, kuma shirinta na Tracka yana bin ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya, waɗanda aka shafe shekaru ana ware musu naira biliyan 100 duk shekara.

Ku riƙe wannan da kyau: a sa aiki a kasafi daban, a saki kuɗinsa daban, a yi aikin daban. Ɗan siyasa zai tsaya a taro ya ce "na kawo muku asibiti" alhali layi ɗaya ne kawai aka rubuta a kundi. Shi ma ɗan kwangila yakan bar aiki ne wani lokaci don ba a biya shi ba. Sai kun san a wace gaɓa abin ya tsaya kafin ku san wanda za ku tuhuma.

Abin da ba a wallafa ba, doka ta ba ku damar nemansa. Dokar 'yancin samun bayanai, wadda aka sa wa hannu ranar 28 ga Mayu 2011, ta ba kowane mutum ikon neman takardun da ke hannun hukumar gwamnati, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Hukumar tana da kwana 7 ta ba da amsa, za ta iya ƙara wasu 7 idan takardun suna da yawa. Idan ta ƙi, dole ta rubuta dalili, mai nema kuma yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Wanda kotu ta samu da hana bayani ba bisa ƙa'ida ba zai biya tarar naira 500,000, wanda ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan kuwa ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ke jiransa. Wanda bai iya rubutu ba zai iya sa wani ya nema masa. Jihohi sun daɗe suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta shafe su ba, amma a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafe su.

Ita kanta dokar aikin 'yan ƙasa ce. Tun 1993 ƙungiyar Media Rights Agenda da ƙungiyar kare 'yancin jama'a da ta 'yan jarida suka fara rubuta ta. Ta shiga majalisa a 1999, ta wuce a 2007, shugaba Obasanjo ya ƙi sa hannu, aka koma aka faro daga tushe.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Ku rubuta ta zuwa ga shugaban hukumar, ku ambaci dokar a kan gaba, sannan ku jera abin da kuke so dalla-dalla: kwafin takardar ba da kwangilar gyaran asibiti kaza, sunan kamfanin, jimillar kuɗin, nawa aka biya zuwa yau, da ranar da aka yi yarjejeniyar kammalawa. Kada ku sa zagi, kada ku sa zargi. Ku yi kwafi biyu, ku kai ofishin karɓar wasiƙu, ku tsaya har a buga wa naku hatimin shaidar karɓa da kwanan wata da sa hannu. Kada ku yarda da "ajiye a nan za a ba shi". Wannan hatimi shi ne ya fara ƙirga kwana bakwai, shi ne kuma abin da lauya zai fara tambaya.

Hukumomi da yawa za su yi shiru, kada wannan ya ba ku mamaki. Ku sake rubutawa kuna tunatar da ta farko, ku aika kwafi ga babban lauyan gwamnati. Shirun ma hujja ce a hannunku ranar da za ku shiga gidan rediyo ko kotu. Kuma a rassan ƙungiyar lauyoyi ana samun matasan da ke ɗaukar irin wannan ƙara kyauta.

Mataki na huɗu: ku je ku gani da idonku

Ku ɗauki hoton wurin da allon kwangila idan akwai, ku rubuta ranar. Ku ƙirga azuzuwan da aka gina ku gwada da abin da takarda ta ce. Ku saurari malamai da ma'aikatan jinya cikin mutunci, amma kada ku ambaci sunansu a ko'ina, domin su ake fara yi wa canjin wurin aiki zuwa ƙauye mai nisa.

Kada ku faɗi abin da ba za ku iya tabbatarwa ba. "An ware miliyan kaza, ga hoton wurin, babu bulo ko ɗaya" magana ce da ba mai iya ƙaryatawa. "Wane ɓarawo ne" kuwa ƙofa ce ta ƙarar ɓata suna, kuma an sha amfani da dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama masu rubutu a Facebook. Idan aka kama ɗayanku, maganar asibiti ta koma maganar beli.

Mataki na biyar: ku tara jama'a

Ba sai kun kafa sabuwar ƙungiya mai rajista da tambari ba. Akwai kwamitin kula da makaranta da gwamnati ta amince da shi, akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan ƙaramin asibiti, akwai ƙungiyar iyaye da malamai, ta 'yan kasuwa, ta direbobi, ta matan Islamiyya, ta matasan coci. Da yawa cikinsu barci suke yi don ba mai zuwa taro. Ku shiga ku tashe su. Ku sanar da mai unguwa da dagaci da liman tun da wuri. Ko ba za su fito fili ba, kada su ji labarin a bakin wani.

Mata su kasance cikin masu magana, ba masu cika benci ba. Maganar ruwa, asibiti da makaranta su suka fi kowa saninta. Ku tuna matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da ɗauri a kan haka. Haka kuma, mutum takwas ne suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma magoya bayanta sun sha bulala da gidan yari suna cewa haraji da jangali zalunci ne a kan talaka. Sai a 1979 gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Tsakanin fara magana da cin nasara kusan shekara 30 ne.

Tun ranar farko ku yi ƙa'idoji, domin abin da ke kashe irin wannan tafiya daga ciki yake fitowa. Kada ku karɓi kuɗin ɗan siyasa, na mai mulki ko na ɗan adawa. Ku yi karo-karo na kuɗin mota da na buga takarda, a karanta lissafi a gaban kowa. Kada mutum ɗaya ya zama shi ne baki, shi ne ma'aji, shi ne mai riƙe takardu, domin ranar da aka ba shi muƙamin mataimaki na musamman tafiyar ta ƙare. Kuma kada kowa ya je ganin jami'i shi kaɗai, a tafi aƙalla mutum uku.

Mataki na shida: ku kai koken, ku fito da rana

Ku nemi ganawa a rubuce. Ku shiga da takarda shafi ɗaya mai ɗauke da matsalar, hujjar da buƙatar, da sa hannun jama'a da lambobin wayarsu a haɗe. Ku gaisa yadda ya kamata, dattijo ya buɗe magana, wanda ya san alƙaluman ya ɗora. Ladabi ba ya rage ƙarfin magana.

Kusan kullum amsar ita ce, "Mun ji, za mu duba, in sha Allahu." A nan ne ake rabuwa da yawancin masu koke, su yi godiya su tashi. Ku kuwa sai ɗayanku ya ce, "Mun gode, ranka ya daɗe. Wa za mu riƙa tuntuɓa a ofishin nan, kuma wace rana za mu dawo mu ji inda aka kwana?" Ku rubuta sunan da ranar a gabansa. Washegari ku aika gajeriyar wasiƙar godiya da ta maimaita abin da ya yi alkawari, ita ma a buga mata hatimi. Idan aka miƙo ambulan a bakin ƙofa aka ce "ga na mota", ku mayar cikin girmamawa.

Idan ranar ta zo ta wuce babu labari, ku hau sama. Hukumar karɓar koke-koken jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a kowace jiha kuma ba a biyan ko sisi. Majalisun dokoki suna da kwamitin ƙorafin jama'a, kuna iya miƙa takarda ta hannun wakilinku. Idan maganar kuɗin kwangila ce da aka karɓa ba a yi aiki ba, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC tana bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019, kuma ta sa 'yan kwangila da dama sun koma bakin aikin da suka gudu suka bari.

Mataki na bakwai: rediyo

A ƙasar Hausa har gobe rediyo ne sarki. Tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, shirye-shirye irin su Inda Ranka suka koya wa jami'ai cewa kukan unguwa ɗaya zai iya shiga kunnen gwamna kafin gari ya waye. Amma ku je gidan rediyo bayan wasiƙa, ba kafinta ba. Wanda ya ce "mun rubuta ranar kaza, ga hatiminsu, yau kwana 40 babu amsa" ya ba ɗan jarida labari. Wanda ya je da ɓacin rai kawai, minti biyu za a ba shi. Haka ma a Facebook da WhatsApp: hoto ɗaya, adadi ɗaya, tambaya ɗaya, a yi ta maimaitawa.

Idan kuma an yi aikin, ku koma gidan rediyon ku yaba, ku ambaci jami'in da ya tsaya. A cikin gwamnati akwai mutanen kirki da suke jiran matsin lamba daga waje domin su sami abin nuna wa na sama da su.

Mataki na takwas: idan dokar ce take buƙatar gyara

Wani lokaci za ku gano ba jami'i ne matsalar ba, ƙa'idar ce. A nan sai majalisa. Ƙudiri yana bin karatu na farko, na biyu, ya tafi kwamiti, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, a dawo karatu na uku, sannan a kai wa gwamna ko shugaban ƙasa. Yana da kwana 30 ya sa hannu, idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa za su iya mayar da shi doka. Ƙofar talaka ita ce zaman jin ra'ayi. Ana sanar da shi, kowa na iya miƙa takardar ra'ayinsa ga akawun kwamiti ya nemi a ba shi damar magana. Sau da yawa kujerun jama'a a zauren babu kowa, musamman a lokacin kare kasafin jiha.

Mafi kyawun darasi a nan shi ne fafutukar rage shekarun tsayawa takara, wadda aka sani da Not Too Young To Run. Matasa ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar YIAGA ta Samson Itodo suka faro ta a 2016. Sun fara da samun masu ɗaukar ƙudirin a ciki: Tony Nwulu a majalisar wakilai, Abdul-Aziz Nyako a ta dattawa. Da yake gyaran tsarin mulki ne, bayan majalisar tarayya ta amince a watan Yuli na 2017 sai da aka nemi amincewar aƙalla majalisun jihohi 24 cikin 36. Suka kafa wakilai a jihohi, suka bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, suka riƙa wallafa sunan wanda ya goyi baya da wanda ya ƙi. Ranar 31 ga Mayu 2018 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu. Shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da na majalisar jiha daga 30 zuwa 25.

Ba su sami duk abin da suka nema ba. Na gwamna da na sanata suna nan a 35, kuma tsadar fom ɗin takara ta ci gaba da tare matasa a bakin ƙofa. Duk da haka sun karɓi abin da ya samu, kuma a ganina sun yi daidai. Wanda ya ce sai duka ko a fasa, yawanci fasawar ake yi.

Mataki na tara: fita titi

Haƙƙi ne. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba da 'yancin taro, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi gangami na lumana. Yana kuma aiki idan buƙatar ɗaya ce. A Janairu 2012 da aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, bayan yajin aiki da zanga-zanga aka dawo da ita 97. A Oktoba 2020 an rusa rundunar 'yan sanda ta SARS cikin 'yan kwanaki da fara zanga-zangar neman hakan.

Amma mun ga ɗaya fuskar. Mun ga jinin da aka zubar a ƙarshen waccan ta 2020. Mun ga Agusta 2024 a Kano da Kaduna, yadda aka fito kukan yunwa aka ƙare da fasa shaguna, dokar hana fita, gawarwaki, da yara ƙanana a gaban kotu a Abuja wasu suna faɗuwa don galabaita. Shi ya sa na ajiye wannan mataki kusa da ƙarshe. Idan har ya zama dole, ku sanar da 'yan sanda a rubuce domin su ba da kariya, ku tsayar da inda za a fara da inda za a tsaya da lokacin watsewa, ku sa masu tsare layi da kowa ya san fuskarsu, ku tanadi lauya, kada ku bar yara su shiga, kuma ku san wanda za ku miƙa wa takarda a ƙarshen tafiyar. Idan kun ga ba za ku iya hana 'yan daba kutsawa ba, ku fasa. Mutum 50 da suka zauna shiru a harabar sakatariya da kwalaye a hannu sukan fi dubu biyar da ba su da jagora tasiri.

Mataki na goma: ranar ƙuri'a da abin da ke bayanta

Duk abin da kuka tara, wasiƙu, hotuna, alkawura da ranakunsu, lokacin zaɓe ne yake yin tsada. Ku gayyaci 'yan takara duka, ba na jam'iyya ɗaya ba, ku karanta musu buƙatunku, ku nemi su sa hannu. Ku tabbata mutanenku sun yi rajista sun karɓi katin zaɓe. A ranar kuma a kasa, a tsare, a raka: ku tsaya har a ƙirga, a liƙa sakamakon rumfa, ku ɗauki hotonsa. Masu hali su shiga jam'iyya tun daga mazaɓa, domin a zaɓen fid da gwani ake yanke mana waɗanda za mu zaɓa a ciki.

Za ku ji ana maganar kiranye. Sashe na 69 da na 110 na tsarin mulki sun tanade shi, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A 2018 da aka gwada a kan Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma, waɗanda aka tantance ba su kai kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba, kuma tun 1999 ba a taɓa dawo da ɗan majalisa gida ta wannan hanya ba. Kada ku zuba ƙarfinku a nan.

Inda ya fi cancanta ku zuba shi yanzu shi ne ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, zaɓen ƙananan hukumomi kuma har yanzu jam'iyyar gwamna ce ke lashe kusan komai. Amma adadin da kwamitin rabon arzikin ƙasa ya ware wa kowace ƙaramar hukuma ana wallafa shi duk wata, a ofishin babban akanta na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Ku nemo na taku, ku rubuta shi da manyan baƙaƙe ku liƙa inda jama'a ke taruwa. Sannan ku rubuta wa ciyaman, da kwafi ga kansilanku, ku tambaye shi nawa ne ya shigo asusunsa daga cikin wannan adadi, nawa ya tafi albashi, sauran kuma me aka yi da shi. Idan wata ya ƙare sabon adadi ya fito, ku sake rubutawa.